Ruwan Teku da Wuƙar Baba Mande

Ba zan taɓa mantawa da bikin yayan Shafa a Bakura ba, kuma ko da ni na so in manta, rundawan garin, wato mahauta, ba za su bari ba. Har gobe in na bi ta rumfar nama sai wani ya ɗaga wuƙa sama ya gaishe ni da sunan da suka laƙaba mini. Zan faɗa muku sunan, amma ku bari in ɗauko zancen daga tushe, kada ku yanke mini hukunci tun ban kare kaina ba.

Ni mutumin Talata Mafara ne, ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Maradun. Tun ina yaro burina in zama likita, har na samu gurbin karatun. Ranar farko da aka kai mu ɗakin da ake ɗinke rauni, abin da na sani kawai shi ne na farka na gan ni a ƙasa ana yi mini fifita da kwali. Daga nan aka ba ni shawara cikin mutunci in koma nazarin ƙananan halittun nan da ido ba ya gani, tunda su ba su da jini balle su zubar. To kun ji ni. Mutum ne ni wanda ko kaza za a yanka a gida sai in tuna an aike ni.

Da na koma ƙaro karatu, malamin da ke duba aikina ya ba ni abin da zan bincika: yadda bakteriya ke taya ruwan teku cin ƙarfe. Na ce masa, ranka ya daɗe, ni fa ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne dam ɗin Bakolori, shi ma daga nesa nake tsayawa. Ya ce ai ba iyo ya ce in yi ba.

Abin kuwa akwai ban sha'awa, in za ku yi haƙuri da malami na ɗan lokaci. Kowa ya san ruwan gishiri na sa ƙarfe tsatsa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne gishirin yana da 'yan taya aiki. Da zarar ƙarfe ya zauna a cikin teku, ƙafar gada ce, ko gindin jirgi, ko bututun mai, sai waɗannan halittu su zo su manne masa, su lulluɓe kansu da wani yauƙi irin na kuɓewa. A ƙarƙashin yauƙin iska ba ta samun shiga, kuma nan ne wasu jinsinsu, waɗanda iska ce ajalinsu, suke miƙe ƙafa. Su ba da iska suke numfashi ba, da wani gishiri ɗan gidan farar wuta da ke narke a ruwan teku suke yi. In sun gama sai su saki wani tururi mai warin baragurbi. Tururin ya gamu da ƙarfe, ƙarfen ya yi baƙi ƙirin, a ƙarƙashin baƙin kuma ya fara zaizayewa. Wasunsu ma ba sa tsayawa kwana-kwana, daga jikin ƙarfen kansa suke zuƙar abin da suke rayuwa da shi. Kuma ba sa ci bai ɗaya kamar tsatsar kwanon rufi. Ɗan rami suke yi su yi ta zurfafa shi, ka ga bututu daga waje lafiya lau, ciki kuwa ya kusa zama rariya. Aibinsu ɗaya, ba su san gaggawa ba. Wata da watanni suke yi, wani sa'in shekaru. (Ku riƙe wannan da kyau, shi ya kusa raba ni da matar aure.)

Teku dai ba za ta zo Zamfara ba, don haka na roƙi Kawu Bala, ƙanen mahaifiyata, wanda ke raka shanu Ikko, wato Legas, a tirela, ya taho mini da ruwan teku a jarka da baƙin taɓo daga bakin gaɓa. Ya kawo, Allah ya saka masa. Yana sauke kayan ya tambaye ni me zan yi da su. Da na zaunar da shi na yi masa bayani irin wanda na yi muku yanzu, da ban shiga uku ba. Amma ina sauri, sai na ce masa akwai wasu ƙwayoyi ne a ciki masu cin ƙarfe.

Kawu Bala ya dube ni, ya dubi jarkar, ya gyaɗa kai a hankali ya ce ya gane.

Na raba ruwan a bokiti biyu masu murfi. Ɗaya na tafasa shi don duk abin da ke ciki ya mutu, ya zama ruwan gishiri zalla. Ɗayan na bar shi ɗanye na zuba masa taɓon. Na jefa ƙusoshi a kowanne, na liƙe murafen, na ajiye a shagona na ƙofar gida. Nufina in an jima in kwatanta, in ga wanne ya fi cinyewa. Ba a daɗe ba ɗanyen ya yi baƙi, kuma in ka kusanci murfin sai ka toshe hanci. Mahaifiyata ta ce ita dai ta ga boko iri-iri amma ba ta taɓa ganin na kiwon wari ba.

Shi kuwa Kawu Bala bakinsa ba shi da linzami. Ran Talata ya shiga kara, kasuwar shanu, cikin dillalai da mahauta, ya ce ɗan yayarsa ya haɗa ruwan da ke cin ƙarfe. Zance ya hau babur ya bi ƙauyuka, ya kwana a Damri, ya ƙara ƙiba. Kafin ya isa Bakura ya zama cewa wani malamin boko a Mafara ya samo maganin ƙarfe daga ƙarƙashin teku, wanda duk tauri na duniya yaro ne a gabansa. Wai wuƙa in ta taɓa fatar malamin sai ta narke.

A Bakura ɗin kuwa nake neman aure.

Shafa ma'aikaciyar jinya ce, kuma 'yar rundawa gaba da baya, wato mahauta kaka da kakanni. A wurin aikinta muka haɗu, ranar da gwangwanin kifi ya yanke ni a yatsa. Ita ta naɗe mini yatsan, ita ta yi mini fifita da na farfaɗo. Ta san ni ciki da bai, kuma duk da haka ta ce ta ji ta gani. Matsalar ita ce mahaifinta ya rasu, aurenta yana hannun wan mahaifin, Baba Mande, tsohon barunde kuma tsohon ɗan tauri wanda har yanzu in ya ji kalangu sai kafaɗarsa ta motsa. Sau nawa magabatana suna zuwa, a yi gaisuwa mai tsawo, a tambayi gida da gona da dabbobi, a sha fura, sannan ya ce a dakata tukuna. Labari ya zo mini ta bayan fage cewa ya ce shi ba zai ba da ɗiyar ƙanensa ga mutumin da ke riƙe wuƙa kamar alli ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, musamman da yake gaskiya ne.

To sai ga shi rana ɗaya na je gaishe shi, mutumin da a da yake amsa mini da ka, ya miƙe ya ba ni hannu biyu. Ya sa aka shimfiɗa mini buzunsa. Aka kawo balangu, ba irin na gefe-gefe ba, na tsakiya. Yana ta kallona yana murmushi, yana cewa ashe ruwa ba ya tsami banza. Samarin gidan da suka saba kirana Malam Alli suka koma rusuna mini.

Na gane abin da ya faru tun a zaman nan. Kalma biyu ta isa ta warware komai. Amma ku gaya mini tsakani da Allah, wa zai tofar da zuma don an sa masa a baki bisa kuskure? Na ci balangu na yi shiru. In wani ya matso ya tambaye ni ko gaskiya ne, sai in yi ɗan murmushi in dubi ƙasa in ce, kai dai bari. Na gaya wa kaina ban yi ƙarya ba, tunda ban ce e ba.

Shafa ce kaɗai ba ta ga abin dariya ba. Ta ce mini, “Malam, ka san gidanmu kuwa? Mu ba a gaya muna wuƙa ba ta kamu mu ce to. Gwadawa mukai.” Na ce ta kwantar da hankalinta, da an ɗaura aure zan yi wa kowa bayani dalla-dalla, har da zane a allo in sun so. Ta ce Allah ya kai mu, amma da irin muryar da take yi wa majinyacin da ya ƙi shan magani.

Ana saura 'yan kwanaki bikin yayanta, Kawu Bala ya same ni a asirce ya ce Baba Mande na son a ɗan sam masa a kwalba, kuma kada kowa ya ji. Na ga in na hana, asirina ya tonu. Sai na ce ya ɗiba daga bokitin tafasasshen, tunda ruwan gishiri ne kawai, amma ya ja masa kunne kada ya sha. Na ba shi makulli na tafi Maradun. Kawu ya buɗe wannan ya ga ruwa garau ba wari. Ya buɗe wancan ya ji abin da ya kusa kayar da shi. A hankalinsa, rowa ce ta sa na nuna masa marar ƙarfin, kuma ba za a yi wa babban mutum haka ba. Ya cika kwalba da baƙin. Ni ban sani ba.

Ranar biki na sha sabuwar babbar riga ta shadda ruwan sararin samaniya, wadda na ɗinka musamman don dangin Shafa su san ba a banza nake ba. Bayan la'asar aka yi da'ira a ƙofar gida. Maza a gefe ɗaya, mata sun cika bakin zaure da gindin katanga, makaɗa a tsakiya da kalangai. 'Yan tauri suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi kirari ya goga wuƙa a ciki ko a wuya, mata su rangaɗa guɗa. (Kada ku tambaye ni yadda suke yi. Duk lokacin da wuƙa ta tashi ni takalmina nake kallo.)

An ajiye mini kujera dama da Baba Mande. Ina zama wani wari ya bugi hancina. An yi ƙoƙarin danne shi da turare mai yawa, amma ni da na kwana na tashi da warin nan ko a mafarki na san shi. Na waiga. Tsohon ya sunkuyo ya raɗa mini cewa tun shekaranjiya yake shafawa safe da marece, kuma lallai abin da ƙarfi yake, don ko iyali sun ƙaurace masa.

A nan ya kamata in tashi in nemi babur.

Sai babban makaɗin ya juyo da kalangunsa ya nufo ni. Ya durƙusa, ya canza kiɗa, maroƙinsa ya ɗaga murya: “Na Shafa, ɗan Mafara mai ruwan Ikko! Ƙarhe ya gan ka ya koma kunu!”

Jama'a, ban san ko an taɓa yi muku kirari da kalangu ba. Wani abu ne yake shiga ta tafin ƙafa. Ni da ban taɓa jin an kira sunana a taro ba sai in za a ba ni jadawalin jarrabawa, yau ga ni ana cewa ƙarfe na tsorona, ga Shafa can a bakin zaure tana kallo. Na ga tana girgiza mini kai. Na ɗauka sha'awa ce. Na miƙe, na gyara riga, na taka har tsakiyar fili, na dunƙule hannu na jinjina wa jama'a. A nufina in yi godiya in koma kujerata. Ashe a filin 'yan tauri, wanda aka yi wa kiɗa ya shigo tsakiya ya jinjina, cewa ya yi ga shi, a gwada.

Fili ya ɗauki sowa. Kafin in juya, wani ƙato da ake kira Na-Damri, ɗan gwaggon Shafa, ya sha gabana da wuƙa tsirara. Fuskarsa cike da girmamawa, wallahi ba mugunta. Ya ce shi dai yau ya gode Allah da zai ga abin da ake faɗi da idonsa, kuma ko wuƙarsa ta narke ya yafe. Ya kama gaban rigata ya ɗage, ya ɗage 'yar ciki, sai ga ɗan tumbina na malaman makaranta a bainar jama'a. Ya ɗora mini bayan wuƙar don ya auna wuri. Sanyinta ya ratsa ni har ƙeya. Ya waiga wurin Baba Mande yana neman izini.

Tsohon ya gyara zama ya ce, “Ja abinka. Ba ta kama shi.”

Muryar da ta fito daga bakina ban san ina da ita ba. Siririya ce, irin ta ɗan akuyan da aka taka.

“Tsaya! Sai an jira! Wallahi sai an jira!”

Kiɗa ya tsaya cak. Ni kuwa sai darasi ya ɓalle mini, da sauri kamar ana kora ta. Na ce ba nan take suke ci ba, sai sun manne tukuna, sai sun yi yauƙi, sai iska ta ƙare, kuma wata da watanni ake yi, kuma a bokiti ne ba a jikin mutum ba. Na-Damri ya tambaye ni su wa ke nan. Na ce bakteriya. Wani tsoho a baya ya ce wa na kusa da shi, sunan aljanun nasa ke nan. Na-Damri ya gyaɗa kai alamar ya gamsu, ya juya wuƙar ta koma ta wajen kaifi.

A nan ne hankalina ya bar jikina, bakina ya ci gaba shi kaɗai. Na nuna surukin da nake nema da yatsa, a gaban duk Bakura, na ce, “Ba magani ba ne! Ku tambayi Baba, shi da yake shafawa tun shekaranjiya, ban da wari me ya samu?”

Aka yi tsit. Kana iya jin kukan tunkiya daga unguwa ta gaba. Sai muryar matar Baba Mande ta fito daga cikin mata, ba da ƙarfi ba, kamar mai magana da kanta: “Ashe shi ne. Mu muna can muna ɗaga gado muna biɗar mushen ɓera.”

Dariyar da ta tashi ban taɓa jin irinta ba. Makaɗi ya kwanta a kan kalangunsa. Baba Mande ya miƙe tsaye, ya zare wuƙarsa daga kube. Ban tsaya jin me zai yi da ita ba. Na sunkuya na zame daga cikin babbar rigar, na bar wa Na-Damri ita a hannu, hula ta yi nata wuri, na ruga inda na ga babu wuƙaƙe, wato cikin mata. Na samu wani faffaɗan baya na lafe, na damƙe mayafin da hannu biyu, ina cewa Inna ki cece ni, Inna ki cece ni.

Ni Inna na ce don haka ake ce wa kowace babbar mace. Sai da ta waigo na ga ashe Innar ce da gaske, mahaifiyar Shafa. Matar da tun da na fara neman 'yarta ba mu taɓa haɗa ido ba. Daga bayan labule nake durƙusawa in gaishe ta, ta amsa da ƙyar don kunya. Yau ga ni manne da bayanta da 'yar ciki, ina rawar ɗari a tsakiyar bazara. Shafa na tsaye a gefenta ta rufe fuska da tafin hannu. Na so ƙasa ta tsage, amma ƙasar Bakura tauri gare ta.

Baba Mande ya tako har gaban matan. Inna, Allah ya ja kwananta, ba ta matsa ba. Ya tsaya yana huci, warin nan na tashi daga jikinsa, ya yi magana yadda kowa zai ji.

“Yaro, tsoro ba laihi ba ne, Allah ya yi ka hakan ga. Amma ka ce ruwan ga na cin ƙarhe, ni kau na yarda har na shahwa. In ƙarya ne, ka maishe ni wawa gaban ɗiyana, kuma ba ni ba wanda ya maishe ni wawa ɗiya. Ka ce sai an jira. To mu jira. Wuƙag ga ta ubana ce. Gobe ina sa ta cikin ruwan naka. In an yi kaka mu buɗe. In sun ci ta, ka ɗauki Shafa. In ba su ci ba, kada in ƙara ganin ƙahwarka garin ga.”

Washegari kuwa ya zo Mafara da kansa a bayan babur. Ya jefa wuƙar a baƙin bokitin, ya ɗaure murfin da tsirkiya, ya yi wani ƙulli irin nasu wanda ba mai kwance shi ya mayar. Abu ɗaya ya ɗan sanyaya mini rai: wuƙar ƙirar maƙera ce, baƙin ƙarfe, ba irin ta silba 'yar kanti da ba ta jin tsatsa ba.

Haka aurena ya koma hannun halittun da ko ganinsu ba na yi. Ban taɓa kula da wani abu a duniya kamar yadda na kula da bokitin nan ba. Na liƙe gefen murfin da kakin zuma don kada iska ta shiga ta kashe mini su, don dama Kawu Bala da Baba Mande sun riga sun buɗe su. Da damina ta sauka gari ya yi sanyi, na lulluɓe shi da bargona. Su ma suna son ɗan abin taɓawa, don haka na huda wata 'yar ƙofa a murfin, Shafa ta riƙa aiko mini da romo a kwalba ina ɗura musu da sirinji in toshe. (Tare da romon farko ta aiko da babbar rigata, a wanke a goge.) In wari ya ƙaru sai in ji daɗi kamar an yi mini albishir. Mahaifiyata ta taɓa kama ni durƙushe gaban bokiti ina cewa ku daure ku ci, don girman Allah. Ta koma ciki ta ce wa ƙannena a riƙa sa ni a addu'a.

A duk tsawon lokacin nan ban taka Bakura ba, amma sunana ya riga ni yawo. Har ɗalibaina a Maradun, in na ce su kawo aikin gida, sai in ji wani daga baya ya ce a hankali, sai an jira.

Da aka yanke gero, Baba Mande ya aiko a kawo bokiti. Ranar kasuwar Bakura ce. Ya sa aka ajiye shi a gindin wata bishiya bayan rumfar nama, rundawa suka bar teburansu suka kewaye mu, Na-Damri a sahun gaba. Ya duba ƙullinsa ya ga yana nan, ya yanke. Da aka ɗaga murfi, mutane suka ja da baya, ƙudaje kuwa suka bar nama suka zo gaisuwa. Ya naɗe hannun riga ya lalubo wuƙar. Ta fito baƙa ƙirin, tana ɗigar da yauƙi, amma a tsaye take cif, ba abin da ya ragu a tsawonta.

Wani ya ce ai ga ta nan lafiya lau. Na tuna Shafa, na ji hawaye na neman kunyata ni karo na biyu. Da ƙyar na ce a wanke ta tukuna, a ƙarƙashin baƙin suke aiki.

Aka kawo toka da tsumma. Tsohon ya goge da kansa, a hankali, ya ɗaga ta ga rana. Jikinta duk ƙananan ramuka kamar gara ta bi ta kai, bakin kuwa, inda ya fi siranta, ya yi giɓi-giɓi. Ya sa aka miƙo masa jijiyar saniya, ya ja sau ɗaya. Jijiyar ko gezau, sai wani ɗan ɓalli ya fita daga bakin wuƙar ya faɗi ƙasa.

Ya daɗe yana juya ta a hannu. Wuƙar ubansa ce, na ga abin ya taɓa shi, ni ma sai na ji ba daɗi. Sannan ya ɗago ya dubi jama'a, ba ni ba.

“To kun gani. Wa ya ce na shahwa banza? Maganin yaro na da kyau, jinkiri ne gare shi. Sai dai wanda zai soke ka ya yi haƙuri ya bar wuƙar cikinka har kaka.”

Aka kwashe da dariya, har da shi. Ya mayar da wuƙar kube, ya miƙo mini, ya ce in kai wa Shafa ta ajiye, don ya san ni ko wannan ba zan iya riƙewa ba. Kuma in gaya wa magabatana su zo ran Juma'a.

Malamina ya ce bai taɓa ganin ɗalibin da ya kula da gwajinsa kamar ni ba, ya tambaye ni sirrin. Na ce sha'awar ilimi ce.

Yanzu wuƙar na rataye a ɗakin Shafa, kuma in za a yanka kaza a gidana maƙwabci ake kira. Inna ta daina yi mini kunya tun daga ranar. In na je gaishe ta sai ta ɗage labule ta ce in shigo, wai yaron da ta goya a gaban jama'a ba suruki ba ne, ɗa ne. Rundawan Bakura kuwa ba su san sunana na yanka ba, Malam Sai-an-jira suka sani. Babbar rigar tana nan a ƙasan akwati, ban sake sa ta ba. Abin da na koya dai shi ne, in mutane suka ɗinka maka rigar da ta fi ka, ka tuɓe ta da hannunka tun kana ɗaki. In ka bari sai a fili, to da mai wuƙa za ku tuɓe ta, kuma surukarka na kallo.